Hasumiya Ba Ladan: Kwana Goma a Yammacin Kirit

Tsibirin Kirit yana kwance a kudancin Girka kamar doguwar tabarma da aka shimfiɗa daga gabas zuwa yamma a tsakiyar Bahar Rum. Tsawonsa ya kai kilomita 260, kuma shi ne mafi girma a tsibiran ƙasar. Daga gaɓarsa ta kudu zuwa gaɓar Libiya kimanin kilomita 300 ne, shi ya sa ake kiran ruwan da ke wannan ɓangaren Tekun Libiya. Idan iskar kudu ta taso takan kwaso jar ƙurar Sahara ta zuba a kan motoci da rufin gidaje, har mutumin ƙasar Hausa ya ji kamar hunturu ne ya biyo sawunsa. Duk wanda ya taɓa yin ƙarfi a wannan teku sai da ya yi kwaɗayin mallakar Kirit: Rumawa, da Larabawan Andalus waɗanda suka riƙe shi daga wajen 824 zuwa 961, da mutanen birnin Benis na Italiya, da Turkawan Daular Usmaniyya, da Masarawa na ɗan lokaci, da Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Yau kuwa 'yan yawon buɗe ido ne ke cika shi duk bazara, suna neman rana da ruwa da gasasshen kifi.

Karatun noma ne ya kai ni can, a wata cibiyar nazarin aikin gona ta ƙasashen Bahar Rum da ke birnin Haniya, a yammacin tsibirin. Da muka kammala jarrabawa a watan Yunin 2023, sai ya rage mini kwana goma kafin jirgina ya tashi, na ƙudura in ƙarar da su wajen zagaya garuruwa da ƙauyuka da bakin tekun wannan yanki. Ina da sha'awar kallo irin ta kowane baƙo, amma akwai wata tambaya da na taho da ita tun daga gida. Ni haifaffen Kaduna ne. Bayan rikicin watan Fabrairun 2000 da wanda ya biyo baya a 2002, garinmu ya kusa rabuwa gida biyu, kogi ya zama iyaka, akasarin Musulmi suka tattara a arewacinsa, akasarin Kirista a kudancinsa. Tun daga lokacin nake jin wata magana a bakin manya masu hankali na kowane ɓangare, cewa tunda zaman ya ƙi daɗi, kowa ya koma cikin nasa a huta. Kirit wuri ne da aka bi wannan shawara har ƙarshenta, shekara ɗari cif kafin zuwana. Na so in ga yadda gari yake kasancewa idan hutun ya yi shekara ɗari.

Tsohuwar tashar jiragen ruwan Haniya ita ce fuskar birnin, kuma duk hoton da aka ɗauka na yankin da wuya a rasa ta a ciki. Gidaje masu launin ruwan ƙwai da ja sun kewaye ruwan, gidajen abinci sun jera kujerunsu har bakin gaɓa, can gefe kuma ga dogayen rumfunan dutse inda mutanen Benis suke gyaran jiragensu a da. A ƙarshen doguwar katangar da ke tare igiyar ruwa akwai hasumiyar fitilar jirage, wadda Masarawa suka sake ginawa a ƙarni na 19, siririya kamar ta masallaci. Shi kuwa masallacin na gaske yana tsaye a bakin ruwa, da babbar ƙubba guda da wasu ƙanana a gefenta. An gina shi ne bayan da Turkawa suka ci birnin a 1645. Ranar da na shiga, hotunan masu zane ne rataye a bangonsa, domin ɗakin baje koli ne yanzu. Hasumiyarsa an rushe ta tuntuni. Mihirabin yana nan, yana fuskantar alƙibla kamar yadda aka gina shi, mutane suna wucewa ta gabansa da takalma, ba don raini ba, sai don ba su san mene ne shi ba.

Waɗanda suka yi salla a nan akasarinsu ba baƙi ba ne daga Turkiyya. 'Yan asalin tsibirin ne da kakanninsu suka musulunta a zamanin mulkin Usmaniyya, suna magana da Girkanci irin na Kirit, suna noman zaitun, kuma da yawansu suna da dangi Kirista a ƙauyen da ke kusa. Ƙidayar 1881 ta nuna sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen tsibirin. Ƙarni na 19 ya ƙare ne cikin tawaye da ramuwar gayya, kowane ɓangare yana da gawarwakin da yake ƙirgawa. Bayan da Kirit ya sami cin gashin kai a 1898 Musulmi da yawa suka fara ƙaura, wasu zuwa gaɓar Turkiyya, wasu Libiya, wasu kuma ƙauyen Hamidiyya na Siriya, inda jikokinsu suka riƙe Girkancin Kirit har zamaninmu. Tsibirin ya haɗe da Girka a 1913. Sai a ranar 30 ga Janairun 1923 aka sa hannu a birnin Lozan na Suwizalan a kan yarjejeniyar musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya, wadda ta ɗauki addini a matsayin ma'auni, ba harshe ba. Kirista sama da miliyan ɗaya suka rasa gidajensu a Turkiyya, Musulmi kusan dubu ɗari huɗu suka rasa nasu a Girka, cikinsu har da ragowar na Kirit su sama da dubu ashirin. Wanda ya sa hannu a madadin Girka, Elefteriyos Benizelos, ɗan wannan yanki ne, an haife shi a ƙauyen Murniyes kusa da Haniya, kabarinsa kuma yana kan tudun da ke kallon birnin.

Idan mutum ya bar bakin ruwa ya kutsa lungunan unguwar Sifilanjiya, zai iske wani dandali mai inuwar babbar bishiya, inda tsofaffi ke shan gahawa. A nan majami'ar Waliyi Nikolas take, kuma ban taɓa ganin gini irinta ba: a hannu ɗaya hasumiyar ƙararrawa, a ɗaya hannun hasumiyar kiran salla. Mabiya ɗarikar Katolika ne suka gina ta a ƙarni na 14, Turkawa suka mai da ita masallaci, sannan ta koma majami'ar Otodoks a 1918. Masu yi wa baƙi jagora sukan nuna ta a matsayin shaidar zaman tare. Ni dai abin da na lura da shi shi ne, ƙararrawar tana kaɗawa safe da yamma, ɗayar hasumiyar kuwa tattabaru ne kaɗai ke hawanta. A dandalin nan ne kuma aka rataye wani bishop a 1821, akwai allon da ke tuna wa mai wucewa da haka.

Ba Musulmi kaɗai birnin ya rasa ba. A yammacin tashar akwai wurin ibadar Yahudawa mai suna Ez Hayim, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 1999. Jama'arsa kuwa, su kusan ɗari uku, sojojin Jamus suka kame su a 1944 suka loda su a jirgin ruwa, jirgin ya nutse da su bayan da wani jirgin ƙarƙashin teku na Ingila ya harbe shi ba tare da sanin waɗanda ke ciki ba. A gabashin ganuwa kuma akwai unguwar Kum Kafi, wadda a yau layin gidajen shaƙatawa ce a bakin ruwa. A ƙarni na 19 bukkokin 'yan Afirka ne a wurin, mutanen da suka fito ta Masar da Libiya, baƙaƙe da Larabawa, suna dako a tashar jirage. Su ma sun watse tare da sauran Musulmi, ba abin da ya rage nasu sai tsofaffin hotuna. Na daɗe zaune a kan katangar wurin ina tunanin ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa jin Hausa, domin hanyoyin ayari da suka ƙare a gaɓar Libiya wasunsu daga ƙasarmu suka taso. Sallar Juma'a kuwa, duk tsawon zamana, a wani ɗaki muke yin ta wanda 'yan ci-rani suka kama haya, masunta Masarawa da ma'aikatan gona 'yan Pakistan da ɗalibai irina, a birnin da ƙubbobinsa suke tsaye ba kowa.

Kwana na uku wani abokin karatuna mai mota ya ɗauke ni muka yi yamma. Falasarna doguwar gaɓa ce mai farin rairayi, tana fuskantar faɗuwar rana, bayanta kuma rumfunan leda ne na noman tumatir. A ƙarshenta ta arewa akwai kufan wani tsohon birni, inda za ka ga tashar jiragen ruwa da duwatsun ɗaure jirgi, amma a kan busasshiyar ƙasa, cikin ciyawa, nesa da ruwa. Girgizar ƙasa ta shekarar 365 ce ta ɗaga yammacin tsibirin da mita da dama a lokaci guda, teku ya ja da baya ya bar tashar. Daga nan muka biya ta ƙauyen Bubes don ganin bishiyar zaitun da masana suka ce ta haura shekara dubu biyu. Kututturenta ya murɗe, cikinsa ya rarake, amma har yanzu tana 'ya'ya, kuma da rassanta aka saƙa wasu daga cikin rawunan ganye na gasar Olamfik ta Atina a 2004. Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na ɗalibin noma shi ne, bishiyar mai aure ce, kamar yadda muke yi wa mangwaro: an ɗauko reshen zaitun na gida an dasa a jikin na daji. Duk masu mulkin da na lissafa sun sha man irin waɗannan bishiyoyi, haka ma waɗanda aka kora.

Hanyar da ta gangara kudu tana ratsa garin Kandanos, a cikin kwarin da zaitun ya rufe. Gidajensa duk sababbi ne, kuma akwai dalili. Sojojin Jamus sun sauko wa Kirit da laima a ranar 20 ga Mayun 1941, manoman wannan yanki suka tare su da tsofaffin bindigogi. Don ramuwa, a ranar 3 ga Yuni Jamusawan suka ƙone garin ƙurmus, suka kashe waɗanda suka samu har da dabbobi, suka kafa alluna masu cewa ba za a sake gina shi ba har abada. Mutanen suka dawo suka gina abinsu, suka kuma kafa kwafin allunan a dandalin garin don kada a manta. Wannan labari kowane yaro a Kandanos ya san shi. Akwai wani kuma da ya riga shi, wanda sai a littattafan tarihi na same shi. Kafin 1897 Musulmi ne suka fi yawa a garin. A watan Maris na wannan shekara, bayan da 'yan tawaye suka yi musu ƙawanya, sojojin manyan ƙasashen Turai suka zo suka fitar da su, su fiye da dubu, zuwa gaɓar Faliyohora, aka zuba su a jirage. Su ba su dawo ba, ba kuma wanda ya kafa musu allo.

A wani shagon gahawa na dandalin ne wani dattijo mai baƙar riga da gashin baki ya ajiye mini ɗan ƙaramin kofi na barasar inabi da suke kira raki, wadda a al'adarsu ake ba kowane baƙo kyauta. Abokina ya yi masa bayanin cewa ba na sha. Dattijon ya dube ni, ya ɗauke kofin ba tare da wata magana ba, jim kaɗan sai ga shi da shayin ganyen tsauni da zuma, da faranti na busasshen burodin sha'ir da aka jiƙa da tumatir da cuku da man zaitun. Ya ce, ta bakin abokina, "Ci, ɗana, baƙo ba ya tashi da yunwa a nan." Na ce, "Na gode, Baba." Da na nemi biya sai ya ɓata rai. A Girkanci kalmar kisenos tana nufin wanda ba a sani ba, tana kuma nufin wanda aka saukar a gida, daidai da kalmarmu ta baƙo. Na yi ta juya wannan a raina a sauran tafiyar. Karramawar da aka yi mini ta gaskiya ce, ba ni da shakka. Sai dai karɓar baƙon da zai tafi gobe ya fi sauƙi a kan haƙuri da maƙwabcin da ba ya zuwa ko'ina.

Daga Faliyohora ƙaramin jirgin ruwa ya kai ni Elafonisi, wurin da ake sa shi cikin mafi kyawun bakin teku a Turai. Ruwan bai wuce gwiwa ba, garau har kana ganin yatsun ƙafarka, rairayin kuma yana da ratsin ja-ja a bakin ruwa, wanda ya samo asali daga ɓarɓashin bawon ƙananan halittun teku. An hana ɗibarsa, saboda baƙi sun yi ta cika kwalabe suna tafiya da shi. Mutum yakan taka cikin ruwan ya haye zuwa wani ɗan tsibiri mai tudun yashi. A can saman tudun akwai alamar tunawa da ɗaruruwan Kirista, yawancinsu mata da yara, da suka ɓuya a nan a 1824, sojojin Usmaniyya suka gano mashigar suka hallaka su. Na tsaya a wurin ina jin ihun yara masu wasa a ruwa daga ƙasa. Wanda ya ji zafin abin da aka yi wa Musulmin Kandanos, wajibi ne ya ji zafin wannan ma. Tsoron da ya sa mutanen Kirit suka yi na'am da rabuwa yana da tushe, kuma duk wanda ya taɓa kwana da takalmi a ƙafa saboda jita-jitar hari ya san irinsa.

Na koma Haniya na kwana, da asuba na hau motar da ke zuwa tudun Omalos a cikin Fararen Tsaunuka, inda kwazazzabon Samariya ya fara. Tafiyar ƙafa ce ta kilomita 16, daga tsayin sama da mita 1,200 har zuwa bakin teku. Da farko gangara ce mai matakala cikin itatuwa masu ƙamshi, daga baya sai bin rafi a kan duwatsu, har a isa inda bangayen dutse biyu suka matso juna, tsakaninsu bai fi mita huɗu ba, tsayinsu kuwa sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi. A tsakiyar hanya akwai kufan ƙauyen Samariya, wanda aka tashi mutanensa a 1962 da aka mai da wurin gandun da gwamnati ke karewa. Awakin daji da suke kira kiri-kiri ne ke yawo a cikin zaurukansa. Na fito da la'asar a Ayiya Rumeli, ƙauyen da babu hanyar mota zuwa gare shi, na tsoma ƙafafuna da suka kumbura a ruwa, a kan baƙar tsakuwa mai zafi. Jirgin fito ya kwashe mu ya bi gindin tsaunuka, ya tsaya a Lutro, wani ɗan ƙauye mai fararen gidaje da shuɗɗan tagogi wanda shi ma sai ta ruwa ko da ƙafa ake isa gare shi, sannan ya sauke mu a Sifakiya.

Daga masaukina a Sifakiya, idan sama ta washe, ana hango tsibirin Gabdos can kudu, ƙarshen ƙasar Turai ta wannan fuska. A 'yan shekarun nan kwale-kwalen da ke tasowa daga gabashin Libiya sukan isa can maƙare da mutane, Masarawa da 'yan Sudan da wasunsu, waɗanda suka sayar da abin da suka mallaka don su ƙetare. Ruwan da ya kwashe Musulmin Kirit zuwa Libiya shi ne yake kawo waɗannan. Har ma an ba da labarin wasu jikokin mutanen Hamidiyya da yaƙin Siriya ya koro, suka sauka a Kirit a matsayin 'yan gudun hijira, jami'ai suka yi mamakin jin suna magana da Girkancin kakanni. Dokar da ta tsara wa kowa inda zai zauna ta yi aiki na wani zamani, amma yaƙi da yunwa ba sa karanta yarjejeniya.

Zangona na ƙarshe shi ne Retimno, a gaɓar arewa. Birni ne mai babbar ganuwa a kan tudu, da lunguna inda za ka ga ƙofar dutse irin ta Benis a ƙasa, da barandar katako irin ta Turkawa a samanta. Masallacin Neranje, mai hasumiya mafi tsawo a garin, makarantar koyon kiɗa ce yanzu. A kan tudun da ke kudu maso gabas akwai gidan ibada na Arkadi, inda a watan Nuwamban 1866 ɗaruruwan Kirista da sojojin Usmaniyya suka kewaye suka zaɓi su cinna wa ma'ajiyar albarushi wuta maimakon su miƙa wuya. Ɗakin yana nan ba rufi.

A Retimno na sauka a gidan wata tsohuwa da ke ba da hayar ɗakuna biyu. Da daddare ta dafa kuɓewa da tumatir, wadda suke kira bamiyes, ta ce lallai sai na ci. Jikarta ce ke yi mana tafinta. Da ta ji ni Musulmi ne sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, gidan nan na mutanenku ne." Kakarta ta zo daga wani ƙauye na Turkiyya a 1922 da yara uku, ba miji, hukuma ta sauke su a wannan gida tun masu shi ba su tashi ba. Iyalan biyu suka yi sanyin shekara guda a ƙarƙashin rufi ɗaya, suna dafa abinci a murhu ɗaya. Kakar tata Turkanci ta fi ji, matar gidan kuwa, Musulma, Girkanci kaɗai ta iya, wato kowacce an tura ta ƙasar da harshen ɗayar ya fi amfani. Ranar tafiya matar gidan ta kama hannun kakar ta zagaya da ita tsakar gida, ta nuna mata rijiya, ta nuna mata inda rufi ke yoyo, ta nuna mata bishiyar lemun tsami da yawan ruwan da take so. Na ce, "Kaka, kun sake jin labarinsu?" Ta girgiza kai. Ta ce kakarta har ta mutu ba ta taɓa cewa lemunmu ba, sai dai lemun matar nan.

Labarin bai zo mini a matsayin baƙon abu ba. A Kaduna ma an yi irin wannan musaya, ba da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba, sai ta hannun dillalai da tsoro. Gidan da ke jikin namu na wata ma'aikaciyar jinya ce Kirista, wadda ita ta karɓi haihuwar ƙannena biyu, ita kuma muke kai wa tuwon salla, ta aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Bayan 2002 ta sayar da gidan ta ƙetare gada. Ba wanda ya kore ta a layinmu, ba kuma wanda ya iya ba ta tabbacin cewa za ta kwana lafiya.

Gaskiyar da Kirit ya nuna mini tana da fuska biyu, kuma ban ga yadda za a ɗauki ɗaya a bar ɗaya ba. Rabuwar ta kawo ƙarshen kashe-kashen addini a tsibirin. Shekara ɗari ke nan ba a ƙone ƙauye don sunan da mutanensa ke kiran Allah da shi ba, kuma uwar da ta binne ɗa ba za ta raina wannan ba. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma kuɗin da aka biya ya wuce gidaje da gonaki. Saurayin Haniya na yau yana wucewa ta gaban mihirabi bai san amfaninsa ba, abin da ya sani game da Musulmin garinsu bai wuce Arkadi da Elafonisi ba, domin matar da ta nuna rijiya ba ta shiga littafin makaranta ba. Takwaransa da ke Izmir shi ma nasa gawarwakin aka ƙirga masa. Sa'ad da mutane suke zaune tare, mugun labari yana da mai ƙaryata shi a gidan da ke kusa. Idan suka rabu sai labarin ya zauna shi kaɗai, ya yi ta girma. Na ga somin wannan a gida. Ɗan yayata, wanda aka haifa bayan rikicin, ya gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, kuma na tabbata a ƙetaren kogi akwai sa'ansa da bai taɓa shiga zauren Musulmi ba. Su ne za su gaji garin.

Bambancinmu da Kirit shi ne, tsakaninmu kogi ne, ba teku ba, kuma gadar tana nan, kuɗin a-daidaita-sahu kaɗai take ci. Kasuwa tana haɗa mu, asibiti yana haɗa mu, waɗanda suka san juna tun kafin rabuwa da sauransu a raye. Wannan dama ce mai wa'adi, domin tsofaffin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Tsarabar da na ɗauko daga tsibirin kwalabe biyu ne na man zaitun. Ɗaya na ba mahaifiyata. Ɗayar kuwa, mako guda da dawowata, na ce wa ɗan yayata ya shirya ya raka ni kai ta. Muka ƙetare gada muka yi ta tambaya har muka sami gidan. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma da na yi sallama na ce, "Mama, ni ne," sai ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun ina yaro. Ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko waɗanda suka sayi gidan sun bar bishiyar gwaibar da ke bayan ɗakin girki. Sannan ta juya wajen yaron, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana sunkuyar da kai, ta ce, "Wannan na wane ne? Shigo mana, ɗana, uwarka a bayana ta yi barci." Ya cire takalmansa ya shiga.